Kafin ka sayi makirufo, fara gyara ɗakinka

Ƙannena masu son shiga harkar ɗora murya daga gida, talla ce ko bidiyo ko karatun littafi, dan Allah ku ji abin da ya same ni kafin ku zuba kuɗinku.

Sanda na fara, ɗan abin da na tara wata da watanni na kwasa na sayo makirufo irin wanda ake ce ma kondensa, mai kan zinare da ƙarfen maƙalawa a tebur, don kawai shi nike gani a hotunan sitidiyo. Na kawo shi gida nan Ƙofar Marusa na jona a kwamfuta, murya can ƙasa kamar ana raɗa, ashe irinsa sai an ba shi wutarsa daban, bolt 48 da ake ce ma fantom, dole na ƙara kuɗi na sayi akwatin da ke ba da wutar. Da ya tashi aiki kuma sai ya kwashe komai, fanka, janaretan maƙwabci, hon ɗin Keke Napep a bakin layi, har awakin gidanmu. Ɗakin nawa siminti ne da tayil, ba labule ba komai, magana ɗaya sai ta daki bango ta dawo. Hajiyar da ta ba ni aikin farko daga Abuja ta ce "Malam muryarka na da daɗi amma kamar daga rijiya kake magana", ta biya ni, ba ta ƙara nemana ba. Wallahi abin ya daɗe yana cina.

Daga nan na bi masu shayi ina karɓar kwalin ƙwai na manne bango da shi. Kar ku yi, ba ya hana ƙarar waje shigowa, amsa-kuwwar ma kaɗan yake ragewa, ga tara kyankyasai. Abu mai laushi da kauri shi ke shanye sauti. Yanzu katifa nike jinginawa a bayana, in rataya bargon sanyi hagu da dama, in shimfiɗa kafet, in buɗe wadrob in fuskanci kayan sawa ina magana a cikinsu. Ka tafa hannu sau ɗaya a tsakar ɗaki, ka shiga lungun nan ka sake tafawa, kunnenka zai gaya maka bambancin. Ko sisi ban kashe a wannan ba, kuma shi ya gyara min aiki.

In za ka sayi makirufo, nemi irin wanda ake ce ma dainamik, ba ya kwaso hayaniyar nesa kamar kondensa. Samson Q2U misali yana da USB, kai tsaye za ka jona ba sai da wani akwati ba. In babu hali wayarka ma ta isa farawa, sa ta a yanayin jirgi kada kira ya katse ka. Bar taƙi ɗaya tsakaninka da makirufo, ka ɗan karkatar da shi gefen baki saboda iskar "f" da "b", ko ka ɗaura safa a zoben wayar ƙarfe ka sa a gaban makirufon.

Lokaci ma babban abu ne a Katsina. Ni sai sha ɗayan dare nike ɗauka, gari ya yi tsit. Watan Afrilu da fanka a kashe cikin barguna ba wasa ba ne, minti goma nike yi in fito in sha iska. Da hunturu baki na bushewa har ka ji ƙas-ƙas a cikin muryar, ajiye ruwan ɗumi kusa. Da damina in ruwa ya fara dukan kwano, haƙura kawai. Kuma in ka ji wani zuuu a ƙasan sauti, zare cajar laftof ka yi aiki da batir, sau da yawa daga nan yake.

Audacity, wato manhajar ɗaukar sauti da gyara shi, kyauta ne, da shi nike aiki har yau. Ɗauki shiru na sakan goma kafin ka fara magana, da shi manhajar za ta gane hayaniyar ɗakin ta rage, amma kar ka matsa da yawa, na taɓa yi murya ta koma kamar a ƙarƙashin ruwa. Kula da layin nan da ke nuna ƙarfin sauti kada ya taɓa ja, ya tsaya wajen -6. Ajiye sautin a tsarin fayil na WAV, ka saita shi a 48 kHz in na bidiyo ne, kuma kar ka tura shi a matsayin saƙon murya na WhatsApp don yana matse shi, tura a dokumen ko Google Drive. Kafin ka tura, sa iyafis ka saurara tun daga farko har ƙarshe, ni sai da na taɓa aika aiki da kukan zakara a tsakiyarsa sannan na koyi haka.