Asabar, bayan isha'i, Nima

Yau kam raina bai yi daɗi ba, gara in rubuta ko na samu in yi barci. Tun bayan asuba na sha koko da ƙosai na hau trotro zuwa wurin gasar ces ɗin, minti 15 kowa, da ƙarin sakan 10 a kowane motsi. Wasan farko na ci, na biyu muka yi kunnen doki, waɗannan ba su dame ni ba.

Na ukun ne. Sati biyu cur ina haddar Sisiliyan, salon buɗe wasa na mai baƙi, reshen Najdorf, wanda Fischer da Kasparov suka riƙe shekara da shekaru, fari ya tura soja gidan e4 sai ka tura naka c5, a motsi na biyar ka tura a6, har a shago ina bitarsa a waya in babu kwastoma. Sai aka haɗa ni da wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, ƙafarsa ma ba ta kai ƙasa daga kan kujera. Ya buga e4, ni kuma zuciyata ta ce kar ka shiga rikici, bi da shi a sannu, na buga e5. Wallahi nan na bar wasan da na sani.

Ya fito da doki f3, ni c6, ya kawo bishof c4, na fito da ɗaya dokin f6, ya cillo dokinsa g5, na tare da soja d5, ya cinye shi. Na san amsar, doki a5 ne, amma hannuna ya riga kaina na cinye sojan d5 da doki. Yaron bai ko ɗaga kai ba ya ba da dokinsa a f7, sarauniya f3, sarkina ya fito tsakiyar fili a e6 babu mai tsaronsa. Ina jin agogo, ina jin zufa a bayana, motsi 19 na miƙa masa hannu.

Abin da ya taɓa ni, da muka fito ya biyo ni ya ce Kawu, da a5 kuka buga, soja ɗaya kawai za ku bari amma wasan zai dawo hannunku. Da ladabinsa, har ya jera mani a allonsa na leda. Gukesh ma yana da shekara 18 ya karɓe kambun duniya a hannun Ding Liren a 2024, yaran nan da gaske suke karatu, kuma na ji daɗi namu na zango suna ciki.

Allo na nan gabana kan tabarma, na maimaita a5 ɗin ya fi sau goma. Gobe saura zagaye uku, in baƙi ya faɗo mani aka buga e4, c5 zan buga in sha Allahu.