Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a maganar karen nan

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na nan Manchesta da na gida.

Alhamdulillahi, karen maƙwabciyarmu ya warke sarai, gwajin jini na ƙarshe ya nuna ƙodarsa lafiya lau. Ita ma dattijuwar ta fara takawa da sanda bayan aikin da aka yi mata a ƙugu. A gidanmu kuma an rufe maganar da aka daɗe ana ja, wato ko za mu ɗauki kare irin cocker spaniel kamar yadda autata ta nace. Ba za mu ɗauka ba. Mutane da yawa sun sa hannu kafin a kai nan, kuma yaba kyauta tukuici.

Godiyar farko ta ita maƙwabciyar ce, Baturiyar da yarana ke kira Kaka. Da ta ji yarinya ta dame mu, ba ta zuga ta ba, ba ta kuma hana ta ba. Cewa ta yi idan ta tafi asibiti mu riƙe mata nata, gani ya kori ji. Muka gyara masa ɗakin wanki da ke baya wajen lambu, da sharaɗin ba zai shiga inda muke salla ba. Ita ta fahimtar da mu cewa cocker na Ingila kashi biyu ne: akwai wanda ake kiwo don gasar kyau, akwai na farauta da ke kutsawa cikin ƙaya ya tayar da tsuntsu. Nata na farauta ne. Bai wuce kilo 14 ba, ka ce ɗan abin wasa, amma hancinsa kullum a ƙasa, wutsiya ba ta tsayawa. Yawon sa'a guda a rana ko ɗumi bai sa ya yi ba. Wanda ya san garin nan a lokacin sanyi, ƙarfe huɗu duhu ya rufe, ga yayyafin da ba ya ƙarewa, ya san abin da nake nufi.

Kunnuwan nan da autata ta mutu a kansu, su ne rabin aikin. Dogaye ne, sun rufe ƙofar kunne, iska ba ta shiga, shi ya sa ciwon kunne ya yi wa irinsu yawa. Duk dawowa daga yawo sai an tsane su da tawul, a ɗaga kowanne a duba ciki, har a sansana, don wari shi ne alamar farko. Kwanon abincinsa ma mai tsukakken baki ne, in ba haka ba kunnuwan su riga bakin shiga ciki. Ga taje gashi kusan kullum, ga kai shi aski duk mako shida zuwa takwas. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne kaɗaici: da an rufe ƙofa an fita sai kuka. Masu kula da karnuka a nan sun ce kada a bar kare shi kaɗai fiye da sa'a huɗu, ni kuwa aikina wani lokaci dare ne, Abbansu kuma sai magariba.

Sai daren da ba zan so a maimaita ba. Mun yi baƙi, wani yaro cikin tausayi ya miƙa masa kek mai zabibi. Inabi da zabibi kan kashe ƙodar kare, kuma babu wani adadi da za a ce wannan ba komai. Ina miƙa godiya ta musamman ga ɗan uwanmu mai tasi, mutumin da ko a titi ya ga kare sai ya tsallaka ɗaya gefen, amma tsakar dare ya shimfiɗa tsohon bargo a motarsa ya kai mu asibitin dabbobi, ya ƙi karɓar ko sisi. Yaya, Allah ya tsare maka hanya. Likitar ta yi masa allurar amai nan take, ta ba shi garin gawayi na magani, aka sa masa ƙarin ruwa aka kwantar da shi. Ta kuma zaunar da ni ta lissafa abin da ke cutar da kare a ɗakin girki: albasa, tafarnuwa, cakulan. Na ce a raina, gidan da ba a ɗora tukunya sai da albasa! Kuɗin kuwa inshorar Kaka ce ta ɗauke mafi yawansa. Dabba ba ta da NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati da ke duba mutane kyauta a nan, duk wanda zai ajiye ta ya sa wannan a lissafi.

Na gode wa malaminmu, wanda bai kore ni da kalma ɗaya ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai kuma bin umarni ne. Amma ya tuna mini hadisin da ke cewa ladan mutum na raguwa kullum idan ya ajiye kare ba don farauta, kiwo ko gona ba. Da na tambaye shi wanda ke hannunmu fa, ya ce wannan amanar maƙwabciya ce, mu riƙe ta da kyau, ya kawo labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Akwai kuma wata mai aikin sa kai a gidan da ake tsugunar da karnukan da masu su suka kasa riƙewa. Magana ta yi da autata, ba da ni ba. Ta ce irin wannan kare kan kai shekara 12 zuwa 14, ta tambaye ta ina za ta kasance a lokacin. Yarinyar ta lissafa da yatsu, ta ga ta gama jami'a, ta kalle ni. Matar ta ƙara da cewa tun 2016 dole ne a sa wa kowane kare ɗan ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, kuma tun 2020 dokar Ingila ta hana dillalai sayar da ɗan kwikwiyo ƙasa da wata shida, sai dai a je wurin mai kiwon ko irin gidansu. Ta kuma tambayi wa zai riƙe shi duk lokacin da muka tafi gida hutu. Wannan tambayar ce ta sa Abbansu ya daina cewa "a bari mu gani".

Hajiya, kin bugo daga Katsina kina salati da jin an kai kare asibiti cikin dare, amma duk da haka kika yi masa addu'a don jikarki ta daina kuka. Allah ya ƙara girma, ya bar mana ke.

Yanzu duk Asabar autata ce ke fita da shi yawo, Kaka kuma ta ce za ta koya mata taje shi. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba a makon nan, a yi mini afuwa. Masu kuloli kuma na wanke su, akwai wata shuɗiya da ban gane mai ita ba, don Allah a yi mini magana.