Azumin da muka yi a Nima masallatai a rufe

A ranar 30 ga Maris 2020 aka hana zirga-zirga a biranen Accra da Kumasi na ƙasar Ghana saboda annobar korona, kuma ko da yake Shugaba Akufo-Addo ya ɗage dokar bayan makonni uku, sai a ranar 5 ga Yuni aka sake buɗe masallatai, su ma da sharaɗin kada masallata su wuce mutum 100. Saboda haka a gidanmu da ke unguwar Nima a Accra muka yi tarawihin wannan shekarar, mahaifinmu yana limanci a tsakar gida, mu da yara muna bayansa a kan tabarma, abin da har yau nake tunawa da ƙauna.

Wahalar ta fi faɗawa kan masu neman na yau da gobe, musamman matan da ke sayar da koko da ƙosai, domin wanda bai fita ba tukunyarsa ba ta hau wuta. Yara kuwa sun saba zuwa bakin teku a Labadi ranar Sallah, amma an rufe shi. Iyakar shaƙatawarmu ita ce tattaki bayan la'asar da takunkumi a fuska, muna wanke hannu a bokiti mai famfo, wanda ake kira bokitin Veronica, da ke ƙofar kowane shago kafin mu yi cefanen buɗa baki.