Gimbiya ta tashi, mun gode

Assalamu alaikum 'yan uwa da maƙwabta. Gimbiya ta tashi. Yau da safe ta cinye harawar waken da aka zuba mata, kashinta ma ya dawo ƙanana busassu kamar 'ya'yan kurna. Ban taɓa zaton zan tsuguna ina murna da kashin dabba ba, sai ga ni yau. Wanda bai san ta ba, zomanyar autarmu ce, kakarta ta kawo mata daga Tibiri bara.

Laifin nawa ne. Don gudun muzurun unguwa na mayar da kejinta ƙarƙashin rumfar kwano, jikin katangar da rana ke duka tun daga azahar, a wannan zafi na Mayu da ke haura digiri 40 a Maraɗi. Ranar Talata yarinya ta dawo daga lakwal ta tarar da ita kwance a gefe guda, baki buɗe, numfashi sama-sama, kunnuwa sun yi ja, kwanon ruwanta a kife.

Godiyar farko ta Inna ce, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita. Na riga na cafko zomanyar ta kunne zan tsoma ta cikin bahon ruwa, sai na ji murya ta saman katanga: "Kai ɗan nan, sake mata kunne! Tallabo ta kamar jinjiri." Kafin in ankara ta zagayo ba ko takalmi. Ita ta faɗa mini zomo ba ya gumi irin namu, ta kunne yake fitar da zafin jikinsa, kuma in aka jefa shi cikin ruwan sanyi farat ɗaya firgicin kaɗai kan iya kashe shi. Ta jiƙa bakin zaninta tana shafa mata kunnuwa a hankali, ta sa aka kwantar da ita kan jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mai shagon bakin titi ya aiko yaronsa da gora biyu na ƙanƙara, alhali wuta ta ɗauke tun safe, kowa na riritar abin da ya rage masa a firigo. Muka naɗe su da tsumma muka jera kusa da ita. Ko dala ya ƙi karɓa.

Mun ɗauka an tsallake, ashe da saura. Washegari numfashinta ya daidaita, amma ta ƙi cin komai, kejin kuma fes babu kashi ko ɗaya. Akwai ragowar maganin amoksisilin na ruwa da yara suka sha, har na girgiza kwalbar, sai uwargida ta ce in kira likitan dabbobi tukuna. Ina faɗa masa ya ce, "Malam, kada ka kuskura." Ashe irin wannan magani in zomo ya sha ta baki, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, sai zawo ya biyo baya ya tafi da shi. Bayan isha'i ya hau babur ɗinsa ya zo har gida. Ya danna cikinta, ya yi mata allurar ruwa ƙarƙashin fata, ya ce hanjin zomo ba a barinsa ya tsaya, in ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba to abin gaggawa ne. Ya nuna mana yadda za a daka harawa a jiƙa ta, a zuƙa da sirinji marar allura, a riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Bai tafi ba sai da ya yi mini faɗa kan dussa da gutsuren burodin da muke cika mata, ya ce haƙoran zomo ba sa daina tsiro, ciyawa ce ke goge su, ita ce kuma ke tura hanji. Jaka biyu kawai ya karɓa, kuɗin magani. Likita, Allah ya saka da alheri.

Uwargida kuwa, kwana uku ta yi tana barcin zomo a tsakar gida, bini-bini ta tashi da sirinji a hannu. Ba ta son in ambace ta a nan, na dai ambata.

Alhaji maƙwabcina ma na gode. Shi ne ya shigo da wuƙarsa a washe, ya ce a yanka kafin ta zama mushe a yi biyu babu. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, mu ma a gidanmu haka aka saba yi da dabba in ta kwanta. Sai dai autar har yau in ta hango shi lungu take shigewa, Alhaji a yi mata haƙuri.

Kafintan unguwa ya mayar da kejin ƙarƙashin dogon yaro, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya ɗaure kwanon ruwan da waya yadda ba zai sake kifewa ba. Allah ya bar zumunci, ya biya wa kowa bukatarsa.

Sannan akwai wata shuɗiyar fanka mai caji da aka miƙo mana cikin ruɗanin ranar Talata, har yanzu ba mu gano daga wane gida ta fito ba. Tana nan a zaure, mun cika mata caji, mai ita ya aiko yaro.