Asabar a Utrecht, ni da keken akwati

Da yayyafi aka tashi yau, irin na Holan ɗin nan da ba ya ɗaukewa, ba ya kuma zama ruwan kirki. Maigida yana wurin aiki, don haka cefane da yara duk suna wuyana. Na sauko na ɗaura wa kekena, mai akwatin ɗaukar yara da kaya a gaba, rumfarsa ta leda, na goge sirdi, na zura batir. Auta da yayanta suka haye akwatin, kowa ya ja bel ɗinsa, muka nufi unguwar Lombok.

Titin Kanaalstraat nake zuwa cefane, inda shagunan Turkawa da na 'yan Maroko suke jere daga masallacin Ulu har ciki. Na sayi shinkafa kilo 10, galan ɗin mai, naman rago, kuɓewa, albasa da attaruhu. Shinkafar na kwantar a ƙasan akwatin ta gefen bencin yara, domin kaya mai nauyi idan ya yi sama ko ya tattaru a gaba, kan keken sai ya riƙa fizga. Yaran suka ɗora ƙafafu a kan buhun, Auta ta rungume ledar burodi tana tsakura. Da can wannan cefanen sai na jira ranar da Maigida ya sami sarari, ko in yi ta jan jaka daga tashar bas hannuna na zogi. Yanzu ina tashi in tafi, kuma wallahi ba ƙaramin abu ba ne a wurin mace mai ƙananan yara a ƙasar da ba ta da dangi.

Abin da na fi so shi ne yaran suna gabana. Ina ganin fuskokinsu, ina jin hirarsu, wanda ya fara gyangyaɗi na gan shi. A hanyar dawowa Yaya ya biya mini haddarsa ta Islamiyya tun daga fitilar titi ta farko har ƙofar gida, ina gyara masa ina tuƙi.

Bayan azahar Maman 'yan biyu ta kira. Ta ga wani keken akwati na hannu a Marktplaats, shafin saye da sayarwa na intanet, mai ƙafa uku, tana so in raka ta. Tun a waya na ce mata: “Yaya, kar ki biya ko sisi sai kin hau da yaran a ciki.” Ta ce ai ita mai ƙafa uku take so, saboda ba ya faɗuwa. Haka kusan kowa yake zato. Gaskiya ne a tsaye ba ya faɗuwa, kina iya tsayawa a danja ba ki sauke ƙafa ba, kuma akwatinsa ya fi faɗi. Irinsa ne wani maƙeri, Lars Engstrøm, ya ƙera a unguwar Christiania ta Kopenhagen a 1984, har yau kuma 'yan Danmak suna ji da shi. Amma a kwana yake nuna halinsa. Ba ya kwantawa tare da jikinki, idan kika shiga kwana da gudu ƙafa ɗaya na iya ɗagawa, idan kuma titi ya ɗan karkata sai ki ji yana janki gefe. Mai ƙafa biyu irin nawa tafiyarsa kamar ta keken da aka sani, ya fi siriri, ya fi sauƙin ratsa lungu, sai dai tashi daga tsaye da kaya cike yana son sabo.

Da muka isa, mai keken ya bar mu muka zagaya layin. Ta zuba 'yan biyun a ciki, ta yi kwana biyu a hankali, ta dawo tana murmushi. Na ga ya dace da ita. Ba ta daɗe da koyon keke ba, makarantar yaran kusa take, hanyarta shimfiɗaɗɗiya. Ni da nake tsallaka gadoji kullum ba zan iya da shi ba, amma ba ni zan hau ba. Shi ya sa nake jin haushi idan na ga maigida ya je shi kaɗai ya zaɓo wa matarsa keke don ya burge shi, alhali ita ce za ta tura shi cikin iska safe da yamma.

Na durƙusa na duba wuraren walda a ƙarƙashin akwatin da fitilar waya. Tun Fabrairun 2024, da NVWA, hukumar kula da ingancin abinci da kayayyaki ta Holan, ta sa kamfanin Babboe ya dakatar da sayar da kekunansa saboda ƙarfen jikin wasu yana karyewa, duk mai hankali sai ya leƙa ƙasa kafin ya sayi na hannu, ko na wane kamfani ne. Wannan lafiya lau yake, ba tsaga, ba tsatsa. Na matse birki, na tambayi shekarun batir, na nemi rasidin saye, saboda satar irin waɗannan kekuna ta yi yawa. Injinsa daidai da dokar Turai yake, wat 250, yana taimaka miki har gudun kilomita 25 a sa'a, daga nan sai ƙarfin ƙafarki. Ta yi ciniki, ya rage mata kaɗan, ta ce gobe za su zo da Baban 'yan biyu su ɗauka.

A hanya ta tambaye ni me za ta ƙara masa. Na ce ta fara da abin da masu shago ba sa kawowa a ransu idan sun ga irinmu: sutura. Mai abaya ko doguwar riga tana buƙatar kaca rufaffiya ruf, da marfi a gefen tayar baya, in ba haka ba bakin riga zai shige cikin waya. Hijabi kuma gajere, ko a cusa shi cikin rigar ruwa. Sai rumfa, wadda a ƙasar nan dole ce. Sai makulli biyu, na taya da sarƙa mai kauri, masu tambarin ART, wato shaidar ingancin makulli da kamfanonin inshora suke nema. Nawa na ƙara masa matashi a benci, na lulluɓe shi da ragowar atamfa, da ƙugiya ta rataya jakunkunan makaranta. Sauran ƙyale-ƙyalen su jira sai ta ga buƙata.

Na kuma ce ta auna ƙofar ɗakin ajiyarsu yau da daddare. Mai ƙafa uku ba kowace ƙofa yake shiga ba, kuma ko babbar ma'ajiyar tashar jirgin Utrecht mai cin kekuna 12,500, layukanta masu hawa biyu don siraran kekuna aka yi su.

Magariba ta same mu a gida. Na kwashe kaya, na share ɓurɓushin burodi daga akwatin, na cire batir na hau da shi sama, don sanyi yana rage masa ƙarfi. Birkin baya ya fara ƙara tun a Lombok. Litinin in sha Allahu, bayan na sauke yara a makaranta, zan biya wurin mai gyara.