An sallamo Baba, mun gode ƙwarai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillah, Alhamdulillah, an sallamo Baba, yanzu haka yana ɗaki yana barci, ɗazu har kunu ya sha da hannunsa. Ni kam jikina duk ya mutu, ba zan iya bin saƙonninku ɗaya bayan ɗaya ba, ku yi mini afuwa wannan ya isar wa kowa.

Kun bi mu tun daga garin Chamonix na ƙasar Faransa har gadon asibiti, ba sai na maimaita ba. Abu guda ne ya ƙi barin raina. Lokacin da Baba ya yanke jiki ya faɗi can saman dutsen Aiguille du Midi, mai tsayin mita 3,842, numfashi yana yi masa wuya, leɓɓansa sun canza kala, wallahi Faransancin ma ɓace mini ya yi, salati kawai nake. Sai ga wani dattijo ɗan garin cikin masu raka mutane hawan dutse, bai san mu ba, ya tuɓe rigar sanyinsa a cikin wannan ƙanƙara ya lulluɓe Baba, ya zauna a ƙasa ya ɗora kansa a cinya, da ya ga carbin Baba ya faɗi gefe sai ya ɗauko ya damƙa masa a hannu ya riƙe hannun, bai saki ba har jirgi mai saukar ungulu ya iso.

Babu wurina a jirgin, shi ya sauko da ni ya kai ni asibiti a motarsa. A hanya ina kuka ina tambaya nawa za su caje mu kuɗin jirgin, ya ce jandarmomin ceto na PGHM ba sa karɓar ko sisi, kuma ya gaya mini mafarin abin. A Disambar 1956 samari biyu, Jean Vincendon da François Henry, suka maƙale a kan dutsen Mont Blanc, mutanen gari suna hango su da madubin hangen nesa kwana da kwanaki, jirgin da aka tura ma ya faɗi, haka suka rasu a can. Bayan nan ne a 1958 aka kafa rundunar. Ƙungiyarsu ta masu raka mutane kuwa tun 1821 take. Yana faɗi muryarsa na rawa, ni ko sai na ga ashe rasuwar 'ya'yan wasu ce Allah ya sa ta zama sanadin tsirar mahaifina. Ko sunansa ban samu ba. Ya Allah ka saka masa, ka jiɓinci lamarinsa, ka tsare shi a kan dutsen nan shi da zuri'arsa.

Dan Allah masu niyyar kai iyaye wurin, garin Chamonix yana mita 1,035 ne sama da teku, akwatin igiyar da ke hawa da mutane dutsen kuwa cikin kamar minti 20 yake kai mutum sama, jiki bai samu ya saba ba. Dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya a fara ganin likita. Ko daga ƙasa ana more kallo, da safen ranar da abin ya faru Baba ya daɗe a gaban mutum-mutumin Jacques Balmat, wanda shi da likita Paccard suka fara taka ƙololuwar Mont Blanc a 1786, yana ta tasbihi.

Na san kun ce kar a ambace ku amma sai na faɗa. Yaya Babba da ya taso daga Lyon cikin dare, Malam liman da ya sa aka yi ta addu'a bayan kowace sallah, Hajiya maƙwabciyata da ta riƙe mini yara ta aiko da tuwo da miyar kuka, da Inna a Damagaram da ba ta runtsa ba. Allah ya biya ku da aljanna, ya raba ku da ganin irin wannan rana, ya ba marasa lafiyarku lafiya, ya jiƙan magabatanku.

Akwai na jikinmu da suka ga hoton Baba a WhatsApp, ko kira ɗaya, shi kuma yana farfaɗowa su ya fara tambaya. Ba komai, Allah ya sa uzuri ne.

Likita ya ce kar ya hau jirgi tukuna, yana nan wurina. Mai son dubiya ya zo bayan la'asar, a ci gaba da sa shi a addu'a.