Daga Columbus Zuwa Canton da Cleveland: Bin Sawun Ozzie Newsome

Daga Columbus zuwa Canton, a jihar Ohio ta Amurka, tafiyar kusan awa biyu ce a mota. Sai ka hau babbar hanya mai lamba 71 ka nufi arewa, kusa da Mansfield ka karya dama, ka kama mai lamba 30 ka miƙe gabas. Ƙarshen Oktoba ne, ana tsakiyar girbin masara da waken soya, ganyen itatuwa ya yi ja, wani ya yi ɗorawa. A wajen Wooster muka hangi keken doki na mutanen Amish a wata ƙaramar hanya, waɗanda har yau ba sa tuƙa mota.

Ɗan yayana ne ke jan motar. A can aka haife shi, yana ajin ƙarshe na sakandare, kuma yana buga wa makarantarsu ƙwallon Amurka, wannan mai kwalkwali da gwabza kafaɗa. Matsayin da yake bugawa ana ce masa tayit-en, kuma a hanya ya warware mini shi.

"Baffa, mu goma sha ɗaya ne a fili. Biyar ƙarti ne a layin gaba, aikinsu tare abokan hamayya kawai. Akwai sirara masu gudu a gefe, su kuma cafe ƙwallo ne nasu. Ni ina manne da ƙarshen layin ƙartin. Yanzu in tare wanda ya fi ni nauyi, anjima in kutsa tsakiyar fili in cafe ƙwallo, ina sane da cewa wani na tafe a guje zai buge ni kafin ƙafata ta gama taka ƙasa."

Na ce, to ai aikin mutum biyu ke nan. Ya ce, shi ya sa yake so in ga wani mutum a Canton.

Canton ƙaramin birni ne, ba za ka zaci a nan aka haifi gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba. Amma ranar 17 ga Satumba, 1920, a shagon sayar da motoci na Ralph Hay, masu ƙungiyoyi suka zauna suka kafa ta, suka naɗa shahararren ɗan wasa Jim Thorpe shugaba. Saboda wannan tarihi aka gina zauren gwarazan wasan a garin, aka buɗe shi a 1963. Akwai tsofaffin riguna, da kwalkwalin fata na zamanin da, da takalma a cikin gilashi. Ba mu daɗe a kansu ba. Muka wuce babban ɗakin da aka jera kawunan tagulla na duk wanda aka karrama, bisa shekarar shigarsa.

Tsarin jerin kansa ya nuna mini yadda aka daɗe ana raina wannan matsayi. Shekara 25 zauren yana buɗe kafin tayit-en na farko, Mike Ditka, ya shiga a 1988. John Mackey ya biyo baya a 1992. A sahun 1999 yaron ya ja ya tsaya: Ozzie Newsome.

An haife shi a 1956 a Muscle Shoals, jihar Alabama, lokacin da doka ke raba baƙi da farare a makaranta da asibiti da wurin cin abinci. Yana ɗan shekara bakwai, a 1963, gwamnan jihar George Wallace ya tsaya a bakin ƙofa a Jami'ar Alabama don hana ɗalibai baƙaƙe biyu yin rajista. Sai a 1971 baƙar fata ya fara buga wa ƙungiyar jami'ar wasa. A 1974 Newsome ya shiga wannan jami'a, ya yi kaka huɗu a hannun shahararren koci Bear Bryant. Na jima ina kallon fuskar tagullar ina lissafin shekarun nan, domin tsakanin ƙofar da aka tare da shigar yaron shekara 11 ce kacal.

A jami'a mai cafewa ne na gefe. Da ƙungiyar Cleveland Browns ta zaɓe shi na 23 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 1978, koci Sam Rutigliano ya matso da shi jikin layi, ya mai da shi tayit-en. Wato aka ɗauki mai taushin hannu aka tura shi inda ake dambe. Kaka 13 ya yi, duk a Cleveland, da riga mai lamba 82. Ya cafe ƙwallo sau 662, ya ci yadi 7,980, ya kai ta gidan abokan hamayya sau 47. Ya jera wasa 150 babu wanda ya tashi bai cafe ko guda ba. Lokacin da ya ajiye takalmi bayan kakar 1990, babu tayit-en da ya taɓa kai yawan cafewarsa.

Wani dattijo sanye da hular Browns yana gefenmu, ya ji muna ambaton sunan, sai ya sa baki. Ya ce yana filin wasa ranar 4 ga Janairu, 1981, kuma sanyin ranar har yau yana jin sa a ƙashinsa. Oakland Raiders na gaba da 14 da 12, saura ƙasa da minti guda, Browns sun iso yadi 13 daga gidan Raiders. Bugun ƙafa mai maki uku ya isa a ci wasan. Sai dai mai bugun nasu ya riga ya ɓarar da wasu a ranar, fili ya daskare, iska na busowa daga tafki. Koci ya ce a gwada jifa. Brian Sipe, mai jefa ƙwallon Browns, ya jefa wa Newsome, Mike Davis na Raiders ya shiga gabansa ya cafke. Raiders suka wuce har suka ɗauki kofin Super Bowl na shekarar, wato wasan ƙarshe na gasar. Dattijon ya ƙirga mana da yatsa sauran: sau uku, a kakar 1986 da 1987 da 1989, saura taki ɗaya su kai wasan ƙarshe, Denver Broncos na fitar da su. Newsome bai taɓa buga Super Bowl ba. Browns ma har yau ba su taɓa ba.

Na tambaye shi ko mutanen Cleveland na ƙaunar Newsome. Ya yi shiru, sannan ya ce suna ƙaunarsa, amma akwai wani abu. A kan hanyarmu ta zuwa Cleveland, tafiyar awa guda a hanya mai lamba 77 ta cikin Akron, yaron ya ƙarasa mini wannan "wani abu".

Bayan ritaya Newsome bai nemi kujerar sharhi a talabijin ba. Ya koma ofishin Browns a 1991, zamanin koci Bill Belichick, ya fara daga ƙasa: kallon faifan wasanni, yawon jami'o'i, rubuta rahoto kan yaran da ba wanda ya sani. A Nuwamban 1995 mai ƙungiyar, Art Modell, ya sanar da cewa zai kwashe ta zuwa Baltimore. Garin ya yi kamar an yi rasuwa. Aka bar wa Cleveland suna da launin riga da tarihi, 'yan wasa da ma'aikata suka tafi suka zama Baltimore Ravens, Newsome na cikinsu, kuma shi aka damƙa wa zaɓen 'yan wasa. A zaɓensa na farko, 1996, ya ɗauki Jonathan Ogden na 4 da Ray Lewis na 26. A 2002 ya ɗauki Ed Reed. Dukansu uku kawunansu na cikin ɗakin da muka baro, 'yan taku kaɗan daga nasa. A 2002 ɗin ne ya zama babban manajan ƙungiyar, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a NFL, bayan shekara 82 da kafa gasar. Ravens suka ɗauki kofi a Janairun 2001 da Fabrairun 2013.

Ni dai ban ga laifinsa ba. Ba shi ya sayar da garin ba, ma'aikaci ne ya bi aikinsa. Kuma a ganina shekarun da ya yi a matsayin tayit-en su suka ba shi idon. Wanda ya tare ƙato da kafaɗarsa ya san abin da ake nema a jikin ƙato, wanda ya sha bugu a tsakiyar fili ya san mai tsaron bayan da ake tsoro. Ogden na layin gaba ne, Lewis da Reed masu tsaro ne, duk irin mutanen da ya yi shekara 13 yana gogayya da su ko a gefensu. Amma na fahimci dattijon. Kofin da Cleveland ta yi ta nema, ɗanta ne ya haɗa wa wani gari har sau biyu.

Mun isa Cleveland da la'asar. Filin wasan yana bakin Tafkin Erie, a daidai inda tsohon filin ya tsaya kafin a rushe shi, kuma an buɗe shi a 1999, shekarar da sabuwar Browns ta dawo gasa, wadda ita ce shekarar da aka karrama Newsome a Canton. Tafkin ba a ganin ƙarshensa, Kanada na can ƙetare. Ba ranar wasa ba ce, ƙofofi a rufe, sai mutum-mutumin Jim Brown, tsohon gwarzon Browns, a waje da 'yan tsirarun masu ɗaukar hoto. Iskar da ta buso ta sa na ɗaga wuyan rigata, alhali hunturu bai ma shigo ba. Na ce wa yaron ya kwatanta cafe ƙwallon fata a nan cikin Janairu. Ya ce, "Baffa, kamar ka cafe dutse ne."

A wani shago kusa da filin na ga riga mai lamba 85, ta David Njoku, tayit-en da Browns suka zaɓa a 2017, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Yaron ya ɗaga ta ya duba, ya mayar, ya tambayi mai shagon ko akwai 82. Mutumin ya shiga ciki ya fito da ita. Yana naɗe ta yake tuna mana cewa Browns da Ravens rukuninsu ɗaya, sau biyu suke karawa duk shekara, kuma Lamar Jackson, mai jefa ƙwallon Ravens da ke wahalar da su, Newsome ne ya zaɓe shi a 2018, a zaɓensa na ƙarshe a matsayin babban manaja. Na biya kuɗin, muka nemi inda za mu yi sallah, sannan muka kama hanya mai lamba 71 zuwa Columbus.